Layin Toka a Filin Tsere

Kambas ɗinta na fara gani. Fari ne tas, yana leƙowa ƙarƙashin doguwar riga, a makarantar da kowa ke jan silifas. Ina sabuwar shiga sakandaren kwana ta 'yan mata a ƙasar Kabo, ina zaune gindin darbejiya da littafin soyayya ɓoye cikin hijabi, sai ga malamar wasanni tafe a sunkuye da bokiti, tana zuba toka a ƙasa. Layin tsere take ja. Fenti babu, sai tokar kicin.

Nan take na tsara mata labari: wai ta taɓa son wani ɗan tsere, ya tafi bai dawo ba, shi ya sa ba ta rabuwa da filin.

Ta ɗago ta dube ni. "Ke mai littafi, saurayin ya iso?"

"A'a, Malama."

"To taso ki bi shi da gudu, wataƙila ki kamo shi."

Haka na shiga tseren miƙa sanda. Sandar guntun rake ce, wadda ta yi gudun ƙarshe ita ke sha. Burin Malama ɗaya ne, ta kai mu gasar makarantu da ake yi a Gwarzo bayan kaka.

Ba mu da injin yanke ciyawa, don haka ta shirya da makiyayan wajen Masanawa su riƙa shigo da shanu lokacin hutu. Shanu su cinye ciyawa, su bar kashi. Shekara da shekaru haka take yi, tana alfahari da dabarar.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a muka ɗauka ƙarshen gudu ya zo. Malama ta sa aka ɗinka mana wanduna masu faɗi, ta toshe ɓarakar katanga da zana. Wasu dattawa suka zo daga gari, suka zagaya, suka tafi ba su ce a daina ba. Muka yi ajiyar zuciya.

Wanda ya kamata mu lura da shi malamin aikin gona ne. Rayuwa ta yi tsada, takin zamani ya gagari kowa. Wata safiya na gan shi tsugune a tsakiyar fili, ya ɗebi ƙasa yana murzawa, har da sunsunawa. Ƙasar baƙa ce wuluk, ta sha taki da toka.

Da ruwa ya sauka, kunyoyi suka bayyana a kusurwar gabas.

"Gefe ne kawai, Malama," in ji shi. "Muna da yara a gida."

"Gefen ma fili ne, Malam."

"Allah ya huci zuciyarki. 'Yan matanki ai ko a kan tabarma sa yi gudu."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta san halin garinmu: inda aka binne iri ba a takawa, kuma wanda ya noma wuri bana, baɗi da sunansa za a kira shi. Muka riƙa karkata layi muna kauce wa shuka. Kullum da'irar tana ƙara tsukewa, sauran malamai na tsaye a bakin fili da hannu a baya, suna kallon ƙasa, ba mu ba.

Damina ta gaba muka dawo hutu muka tarar garmar shanu ta bi filin kaf. Masara ta fito, kuma a kan tsoffin layukan toka ta fi tsayi da duhu. Daga barandar aji kana iya ganin da'irar tseren a cikin gonar. Malama ta daɗe a tsaye tana kallo, usur rataye a wuyanta.

Ba wanda ya hana mu zuwa Gwarzo. Shugabar makaranta cewa kawai ta yi ba za a kai yaran da ba su yi atisaye ba. Ranar raba kyaututtuka aka yaba wa malamin gona, aka kai wa Malama kasonta na masara ƙofar gida. Buhun yana nan har ƙwari suka cinye shi.

Bayan shekaru na je biki wani ƙauye a Kara, na ji ƙarar usur daga cikin dawa. Malama ce, ta yi ritaya, ƙafafunta sun kumbura, ba sa shiga kambas. Tana zaune a kan kututture tana korar tsuntsaye daga gonar ƙaninta. Na gaishe ta na faɗi ajinmu. Ba ta gane ni ba, amma ta tambaya ko har yanzu ana noma wurin.