Na Kwanta a Filin Dambe

Aikin farko na yau: hura balan-balan kafin shan koko. Na hura.

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun kaka ba ku ji ni a nan ba. Wasu har sun aiko suna tambaya ko mutanen daji ne suka ɗauke ni. Ba su ba ne. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa, don ban tabbata labarin ya kai a ba da shi ba. Ga shi dai.

Ga wanda bai san ni ba, ina sayar da iri da maganin feshi a garin Isa, kuma ni ne ladanin ƙaramin masallacin unguwarmu.

Ƙanena Bawa ɗan dambe ne. Da aka shirya wasa bayan an gama kai gero gida, ya zo har shago.

"Yaya, kai ba ka taɓa ganin hannuna ba. Ko sau guda."

Sai na je.

Bawa ya kai abokin karawarsa ƙasa. Mutanen wancan ɓangare suka ce santsi ne ya kwashe shi, suka kutso cikin fili, aka fara jifa. 'Yan sanda ba su tsaya rarrashi ba. Kulki, barkonon tsohuwa, sai harbi sama.

Ku da ke nesa, ku fahimta: a nan ƙarar bindiga ma'ana ɗaya take da ita. Wani ya yi ihu, "Sun shigo!" Babu wanda ya tsaya duba ko su wa.

Ni kuwa ina da doka a gidana. In an ji harbi, kowa ya kwanta ƙasa. Na sha sa yarana su gwada a tsakar gida. Jikina ya bi dokar tun kafin in yi tunani. Na kwanta rub da ciki, a bakin ƙofa ɗaya tilo da jama'a ke gudu su fita.

Ban san ƙafa nawa ta bi ta kaina ba. Bawa ne ya ja ni waje, hannunsa na naɗe da igiyar dambe.

Ban je asibiti ba. An ce mana za su nemi takardar 'yan sanda, ni kuma ba na son a haɗa sunan Bawa da rigimar. Matata Kulu ta riƙa gasa mini gefen ƙirji da ruwan zafi, tana shafa man kaɗe. Tari ya zo. Kwanciya ta gagara, sai zaune nake barci.

Ranar da na lallaɓa masallaci kiran azahar, na yi kabbara, na fara shahada, numfashi ya yanke. Na buɗe baki, babu komai. Liman ne ya ƙarasa kiran da muryarsa ta tsufa.

"Ladan, wanga ba bugu ba ne kawai," in ji shi. "Tashi. Yau asibiti za ka kwana."

A asibitin babu wanda ya tambaye mu takarda. Aka yi hoton ƙirji. Haƙarƙari sun karye, jini ya taru ya danne huhun hagu. Aka tura mu Sakkwato. Muka jira gari ya waye sosai, muka bi ayarin motoci, Kulu na riƙe da hannuna duk inda daji ya yi duhu.

Can aka huda tsakanin haƙarƙarina aka sa roba, jini na sauka cikin kwalba a ƙarƙashin gado. Na ji tsoro ƙwarai. Awakin Kulu duk sun tafi a magani da gwaji, ba ta faɗa mini ba sai daga baya.

Da aka nemi jini, Bawa ya miƙa hannun dama, wanda yake dambe da shi. Da ya dawo ya nuna mini audugar.

"Yaya, yau ka ga hannuna."

Ya so ya yi dariya, sai hawaye.

Na tambayi likita abin da ke cin raina. "Za ni sake kiran salla kuwa?"

"Mu mun fitar da jini, Malam. Buɗe huhun aikinka ne."

Sai wata nas ta kawo mini balan-balan ja, irin na yara ranar salla. Ta ce in riƙa hurawa safe da yamma, ko da zafi. Ranar farko ko motsi bai yi ba. Kulu ta rufe baki da mayafi.

"Malam, da gemunka?"

Ita ce kuma ba ta bar ni na tsallake ko rana ɗaya ba, har muka dawo gida.

Jiya Liman ya aiko in zo in yi kiran la'asar. Na ce a ƙara mini mako, ban tabbata ba. Ya ce, "In numfashin ya yanke, ina bayanka."

Na tsaya, na yi kabbara. Na wuce shahada. Na ja "hayya alal falah". Na kai ƙarshe.

Da na shiga gida, Kulu na tsaye bakin zaure da tsintsiya a hannu, ba ta share komai ba.

"Na ji ka," ta ce. "Ka ɗan yi gaggawa. Amma na ji ka."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitoci da nas-nas, da Liman, da Bawa, da ku masu addu'a. Kulu, ke ban san yadda za ni faɗa ba.

Shawarata kaɗan ce. In an taka ku a taro kuma numfashi na wuya, ku je a yi hoto ranar, kada ku tsaya gashi. Masu shirya wasa, ku buɗe ƙofa fiye da ɗaya. Jami'an tsaro, don Allah, a ƙasar da mutane ke kwana da fargaba, harbi sama ba ya kwantar da taro.

Abin da ya rage na gobe:

Sayo sabon balan-balan, jan ya fashe yau.
Zuwa a duba wurin robar.
Tara yara in gyara doka: a gida a kwanta, a cikin taro a tsaya da ƙafa a nemi bango.
Kiran asuba. Ya fi na la'asar tsawo. Za ni gwada.