Malama Sake-Auna da Bulo Ashirin

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Allah ya karɓi ran 'yata ta fari, malamar fiziks a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, tana da shekara talatin da huɗu. Ciwon asma da take fama da shi tun ƙuruciya ne ya taso mata a tsakiyar darasi. An kai ta asibiti cikin minti ashirin da biyar, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma wa'adi ya riga ya cika. Ta bar miji da 'ya'ya biyu, da mahaifiyarta, da ni. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma ba za mu furta komai ba sai abin da ya yarda da shi.

Na yi shekara arba'in ina koyar da injiniyancin gine-gine a jami'a. Zan rubuta abin da na gani da abin da na sani, ba ƙari.

'Yata, kina da shekara goma sha uku kika zauna jarrabawar shiga wannan makaranta. Yara sama da dubu uku ne suka rubuta, aka ɗauki ɗari da ashirin, kina cikinsu. Hutun farko da kika dawo gida, sai muka ga kin sauya. Ba kya yarda da awo ɗaya. Kika auna teburin cin abinci sau uku da rula, kika sanar da mu cewa ƙafa ɗaya ta gaza sauran da milimita huɗu, shi ya sa yake rawa. Mahaifiyarki ta ce, “To mun gode, injiniya. Sa masa takarda a ƙasa ki zo ki wanke mini kwanuka.” Kika sa takardar, amma sai da kika auna kaurinta.

Daga baya na gane inda kika samo wannan hali. Makarantar tana da ƙa'ida da ban taɓa ganin irinta ba ko a jami'a. Kowane ɗalibi yana da littafin awo mai lamba a kowane shafi. Da biro ake rubutu, ba a gogewa, ba a yage shafi. Idan ka yi kuskure, sai ka ja masa layi ɗaya siriri yadda za a iya karanta shi, ka sa hannu a gefe, ka rubuta dalili. Wanda aka kama ya ƙirƙiro lambar da bai auna ba, korarsa ake yi.

Da kika gama digiri da sakamako mafi daraja, na riga na shirya miki hanyar zuwa digiri na uku. Kika ce makarantar za ki koma ki koyar. Ban ji daɗi ba, kuma ban ɓoye ba. Kika yi shekara goma a can. Ɗalibai suka sa miki suna Malama Sake-Auna, domin duk wanda ya kawo miki amsa, ko daidai ce, abin da zai ji ke nan. Ranar zaman makoki na ji abubuwan da ba ki taɓa gaya mini ba. Wani shugaban firamare daga wani ƙauye mai nisa ya ce duk hutu kina zuwa ki yi wa ɗalibansa bitar jarrabawar shiga, har yara tara daga makarantarsa sun samu gurbi, alhali a da ko fom ba sa cikewa. Dattijon da ke kula da ɗakin gwaji ya ce da idonsa ya soma rauni, ba ki kai maganar gaba ba. Kika sake rubuta sunayen kwalabe da na'urori duka da manyan baƙaƙe, kika ce wai don ɗaliban aji ɗaya ne.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A farkon Disamba makarantar ta gayyace ni in zama babban alƙalin gasar ayyukan ɗalibai. Waɗanda suka zo na ɗaya su ne za su wakilci makarantar a gasar ƙasa, kuma jami'o'i suna zuwa can su zaɓi ɗalibai. Ƙungiyoyi biyu suka rage a zagayen ƙarshe, aiki iri ɗaya aka ba su: kowacce ta buga bulo ashirin, tana maye gurbin wani kaso na siminti da tokar ɓuntun shinkafa, sannan ta matse su da inji har su fashe, ta rubuta nauyin da kowane ya ɗauka. Ƙungiyar farko samari huɗu ne. Zanen sakamakonsu ya fito tsaf, ɗigo ashirin a jere a kan layi. Ta biyu 'yan mata uku ne. Ɗigoginsu sun warwatsu, littafinsu cike da layukan gyara, har da shafin da suka rubuta cewa sun manta da jiƙa bulo biyu kwana guda. Minti goma sha biyar na yi a kowane tebur. Na ba samarin na ɗaya, na sa hannu, aka tafa.

A hanyar mota kika tare ni. Kika ce, “Baba, bulo ashirin, a ce duk sun fashe a kan layi ɗaya? Ko 'yan biyu ba sa kama haka. Kai ka koya mini cewa kankare ba ya biyayya.”

Na ce, “Malama, ina matse kankare tun ba a haife ki ba.”

Kika ce, “Shi ya sa nake mamaki.”

Washegari kika karɓi littafin samarin kika duba shafi-shafi. Awon da ya kamata ya ɗauki kwanaki an rubuta shi da hannu ɗaya, babu gyara ko guda. Ba ki yi musu tsawa ba. Kika ce su nuna miki ɓaraguzan bulo ashirin. Ɓaraguzan bulo shida kawai suka iya nunawa, suka amsa cewa sauran sha huɗun lissafi suka yi suka cike, don lokaci ya ƙure musu. Ƙa'ida ta ce a kore su, wata biyar kafin jarrabawarsu ta kammala makaranta. Kika tsaya gaban shugaban makaranta kika ce korar ba za ta koya musu awo ba. Ya yarda da sharaɗi: su sake buga sha huɗun, su jira kwana ashirin da takwas da siminti ke bukata, su fasa su a gaban malami kafin ƙarshen zango mai zuwa. In ba su gama ba, kwamitin ladabtarwa zai zauna.

Saura 'yan matan. Ba za a iya sauya sakamakon gasa ba sai babban alƙali ya janye hukuncinsa a rubuce, kuma ƙarshen Janairu za a tura sunaye. Sau uku kika yi mini magana. Na sani tun a hanyar mota cewa gaskiyarki ce, domin abin da zan kayar da ɗalibin ajin farko na jami'a a kansa ne ya wuce ta gaban idona, kyan zane ya ɗauke mini hankali. Abin da ya yi mini nauyi shi ne in rubuta haka da hannuna, a karanta a makarantar da 'yata take aiki. Ranar Juma'a, kwana huɗu kafin rasuwarki, kika zo gida da takardar janye hukuncin a buge, kika ajiye mini a tebur. Na ce zan duba. Kika yi dariya kika ce, “Layi uku ne fa, Baba. Ko sai ka sake aunawa?” Kika shiga wurin mahaifiyarki. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar Litinin da ta wuce na kai takardar da kaina. Ban yi amfani da wadda kika buga ba, domin kin sassauta mini a ciki, kin rubuta “bayan sake nazari”. Na nemi takardar hukuncin ta asali, na ja wa sunan da na rubuta layi ɗaya siriri, na sa hannu a gefe, na rubuta dalili: alƙali bai duba littafin awo ba. An tura sunayen 'yan matan uku. Babbarsu ta zo ta gaishe ni, ta ce tun ranar gasar kin gaya musu kada su sake kwafe littafinsu don ya yi kyau, ko da wa ya ce su yi.

Ya Allah, ka jiƙanta, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ta koyar ya zama sadaka mai gudana a gare ta. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta, wanda ya riƙe ta da mutunci shekara tara; ga jikokina biyu, Allah ya raya su a kan gaskiyar uwarsu; ga mahaifiyarta, wadda ta fi ni haƙuri; da shugaban makaranta, malamai da ɗalibai. Allah ya ba mu juriyar wannan rashi, ya kyautata namu ƙarshen.

Ranar Asabar ta ƙarshe a rayuwarta, samarin sun fasa shida daga cikin sha huɗun a gabanta. Saura takwas, suna jere a bayan ɗakin gwaji, kuma ba a naɗa malamin da zai tsaya a kansu ba. Na nemi izinin shugaban makaranta in tsaya, ina jiran amsarsa. Ban ce mata ta yi gaskiya ba tana raye. Wannan kam ba ni da hanyar gyara shi.