Jan Kwanon Inna Dije

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ruwa ya ɗauke mana a Zandam gero bai ko fitar da kai ba. Ina da shekara tara. A rediyo ana ta zancen arzikin mai, mu kuwa tafasa da rama muke ci. Makiyayan da shanunsu suka ƙare suka yi ta gangarowa daga arewa, suna zubewa da iyalinsu a gindin tsamiyar bakin kasuwa.

Sai matan unguwarmu suka haɗa kai. Duk mai sauran hatsi ta kawo ko tafi ɗaya ne, wata ta kawo itace, wata ta yi surfe, a tuƙa wa baƙin tuwo kullum da yamma. Hajiya Balaraba, da yake ta fi kowa kawo dawa, ita ce shugaba. Marar kwasa kuwa kakata Inna Dije aka danƙa wa, don an shaide ta ba ta da son kai.

Ni na fara ganin abin. Kullum kafin rabo sai Inna ta kwashi malmala uku a wani jan kwano, ta sa cikin mayafi, ta fice ta ƙofar baya. In ta dawo, sai in ga ɗan ƙullin kuka ko daddawa a kwanon. Kai! Tuwon sadaka ake musanyawa da kayan miya? Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina sonta.

Ranar bayan isha muka kewaye murhunta kamar kullum, tana tura kara a wuta.

"Ke mai idon mujiya, tun rana kike bina da kallo. Matso, ga ta nan ta taso."

"Ta iso mu ji," in ji ƙannena. 

Ta ce an yi wata yunwa a daji, namun dawa suka haɗa tukunya guda, bushiya ce mai rabo. Kullum in an gama sai ta dunƙule ta gangara cikin duwatsu. Kurege ya ce, "Jama'a, wannan dunƙulewar ba ta banza ba ce." Aka tare ta, aka buɗe ta ƙarfi da yaji, sai ga curin tuwo. Na wa? Ta yi gum. Aka kore ta daga bakin tukunya. Bayan kwana uku suka daina jin gurnani daga kogo, suka leƙa, suka tarar da tsohon zaki ya mutu. Ashe shi take kai wa, don ya gwammace yunwa ta kashe shi da ya tsaya layi da ɓeraye.

Na ce, "To Inna, me ya hana ta faɗi gaskiya?"

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, 'yar nan."

Wallahi tatsuniyar ƙara mini zargi ta yi. Na ce a raina mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ba don haka ba me ya kawo bushiya yau? Da safe na je na tsegunta wa Hajiya Balaraba. Da yamma mata uku suka tare Inna a ƙofar baya, suka yaye mayafin.

"Inna Dije, da girmanki? Gidan wa kike kaiwa?"

"Allah ya sani," abin da ta ce ke nan.

Aka karɓe marar. Ba ta yi fushi ta zauna a gida ba, ta ci gaba da kawo tafin geronta tana tsintar itace. Bayan kwana goma aka wayi gari ƙofar gidan Malam Haruna marini a ɗaure da igiya, ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Mutum ne da a shekarun albarka zakkarsa kaɗai take cika rumbun wani.

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na ji ƙarshen zancen. Ina jinyar maigidana a asibitin Birnin Kudu, matar da muke shimfiɗa tabarma tare ta ji na ambaci Zandam, ashe Asabe ce, 'yar Malam Haruna.

Ta ce, "Allah ya jiƙan kakarki. Babanmu ya rantse ba za mu ci sadaka ba. Sai ta riƙa kawowa da sunan ciyayya irin ta maƙwabta, innarmu ta sa ɗan kuka a kwanon don kada ya koma wayam. Rana ɗaya kwano ya daina zuwa. Ƙanena Sani a hanyar Bauchi muka binne shi. Har yau ban san laifin da muka yi mata ba."

Na sunkuyar da kai.

Yanzu duk azumi ina cikin masu dafa abincin buɗe baki a unguwarmu, kuma ba zan ɓoye ba, har gobe in na ga wata ta keɓe kwano sai idona ya bi ta. Sai in kama hura wuta har ta fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka, tana yi mini kitso, tana ajiye mini ƙanzo, ba ta taɓa tambayata wa ya kai ƙararta ba. Na kuma tabbata ta sani.