Huɗar ƙarshe a gonar Saje

Akwai ranar da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga kaina. Ita ce ranar da na kwanta rub da ciki a kwarin kunya, a wata gona ta hanyar Wasagu, bakina cike da ƙasa, ina jiran wani da ban taɓa gani ba ya yanke hukunci a kaina daga sama.

Ni mai walda ne a Zuru. Mahaifinmu soja ne, kuma wannan ba abin tinƙaho ba ne a wajenmu, domin da wuya ka shiga gida ka rasa soja, ko mai ci, ko mai ritaya, ko wanda akwatinsa kaɗai ya dawo. Muna yara, wasan da tsohonmu ya fi so shi ne ya shigo tsakar gida ba zato ya daka tsawa, mu kuma mu watse, mu zube ƙasa, mu ja ciki zuwa inuwa mafi kusa. Wanda ya makara ya sha ranƙwashi. Haka aka yi wa 'ya'yan maƙwabta, haka aka yi wa 'yan ajinmu. Mun tashi da abin a jikinmu, ba ma sai mun yi tunani ba.

Ƙanena, autan gidanmu, shi ya ja mu gonar. Ya ga wata yarinya ya ce sai ita, aka yi rashin sa'a ubanta tsohon sajen soja ne mai taurin kai, wanda kowa ke kira Saje kawai. Ya ce shi ba ya karɓar kuɗi a madadin golmo. Golmo kuwa al'adarmu ce: saurayi ya tara abokansa su yi wa surukinsa noma damina bayan damina kafin a ba shi mata. A da shekara bakwai ake yi. Yanzu yawancin iyaye sun sassauta, amma ban da Saje. Ya ɗan rage shekarun, ya ƙi rage aikin. Ƙanena ya yi ta yi ba ƙorafi har aka zo daminar ƙarshe, saura huɗar dawa kawai. In an gama ta, a sa ranar biki. In ba a gama ba, sai wata shekara, kuma a lokacin babu mai iya rantsuwa cewa ƙauyen su Saje zai kai wata shekarar.

Wannan damina ce 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan gabas da kudancinmu, ita ce kuma aka yi ta maganar cewa sojojin ƙasashen waje za su shigo da jiragensu su gama da 'yan ta'adda. Shagona ya koma majalisa. Masu gwamnati suna cewa ƙasa mai 'yanci ba ta gayyatar baƙo da bindiga, 'yan adawa suna cewa a zo ko yau, kuma duk mun san da za a musanya musu kujeru da sun musanya baki. Wasu suna murna wai Kiristoci za a zo ceto. Wannan kam ko ni da nake zuwa coci ban san yadda za a yi ta ba, tunda ƙanin mahaifina musulmi ne, tukunya ɗaya muke ci, kuma rana ɗaya aka kore shanunsa da na maƙwabcinsa mai wa'azi. Duk da haka ina cikin masu cewa a zo. Na gaji da waldar ƙofofin ƙarfe don mutanen da ƙofa ba ta hana a ɗauke su.

Ranar huɗar muka fita da safe, samari daga Zuru da Dabai, da ni da tumbina, wai na je a matsayin babban wa. Rabona da garma tun ina saurayi. Muka jera baburanmu a ƙarƙashin itatuwan mangwaro da ke bakin gonar don kada rana ta dake su, muka saɓa garemani a kafaɗa, muka shiga a jere, makaɗi yana biye da mu da ganga. Sai daga baya na zauna na auna yadda wannan hoton zai kasance ga mai kallo daga sama: babura da yawa a ɓoye cikin itatuwa, da tarin maza a daji, kowa da wani dogon abu a kafaɗa.

Aiki ya yi nisa, rana ta take, an ci fiye da rabin gonar. Ni dai ina can baya ina haki, yara suna yi mini tsiya wai kunyata ta fi kama da hanyar maciji. Mata sun iso da tuwo da kunu sun zauna gindin wata ɗorawa, amaryar tana cikinsu. Sai muka ji wata ƙara siririya, kamar ƙaramin janareta a unguwa mai nisa. Makaɗi ne ya fara ɗaga kai, ganga ta tsaya. Can sama ƙwarai ga wani abu fari-fari yana tafiya a hankali. Ya wuce mu, sannan ya karkato ya dawo. Wani ya ce jirgi marar matuƙi ne. Duk mun sha jin labarin wuraren da aka yi kuskure aka saki wuta a kan masu biki ko masu kiwo, daga baya a ce a yi haƙuri.

Babu wanda ya ba da umarni. Cikin ƙiftawar ido gonar ta zama wayam. Muka watse, muka zube cikin kwarin kunya, wasu suka fara jan ciki zuwa wajen mangwaro, daidai yadda iyayenmu suka koya mana. Da tsohonmu yana raye ya ga yadda na faɗi da wannan tumbin, da ya yi alfahari. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, har na ji ƙasa tana da ɗanɗano a bakina.

Mutum ɗaya ne bai kwanta ba. Saje ya fito tsakiyar gona, ya cire hularsa, furfura a waje, yana tafiya a hankali kamar mai duba shuka. Bai yi ihu ba, amma muryar fareti ba ta tsufa.

"Ku tashi tsaye. Kowa shi ɗauki garmarshi shi koma kunyarshi. Wa ya ce ku kwanta?"

Wani daga cikin ciyawa ya ce, "Baba, jirgi ne fa."

"Na gane shi. Manomi ba ya iya wanga kwanci da kunka yi. Wanda ya iya shi, shi aka nema. Ku tashi."

Babu wanda ya motsa, har da ni. Maganarsa ta shiga kunnena, amma jikina na mahaifina ne, ya ƙi. Jirgin ya sake zagayowa, a ganina ma ya ɗan sauko. Saje ya dube mu ya ga ba mu da niyya. Sai ya juya wajen ɗorawa ya kira 'yarsa, ya ce ta ɗauko kwanon tuwo a ka ta kawo masa nan inda yake tsaye, sauran matan su biyo ta da kunu. Uwar yarinyar ta riƙe mata zane, ya sake kira sau ɗaya. Yarinyar ta zame hannun uwarta, ta ɗora kwano a ka, ta fito fili da jan kallabinta. Ina kwance ina hangen ƙafafunta, ba ta tsaya ba har ta isa wajensa.

Ƙanena ne ya fara miƙewa. Ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗauki garma, ya koma daidai inda ya tsaya, ya kafta. Da ya zo wucewa ta kaina bai ko dube ni ba, ya ce, "Yaya, tashi, kana kan kunyata." Na tashi. Saje ya je ya tsaya kan makaɗi har sai da ya rataya gangarsa. Kiɗan da ya fito a ranar ko kaza ba za ta taka shi ba, amma an yi. Ɗaya bayan ɗaya muka koma layi, mata suna bi da ƙwarya suna miƙa kunu, mu kuma muna huɗa, bayanmu a buɗe ga sama. Ban taɓa jin bayana ya yi faɗi irin na ranar ba. Jirgin ya yi ta zagaye, ban san tsawon lokacin ba, sannan ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace ta gabas.

Har yau ban san na wane ne ba. Wasu sun ce namu ne, wasu sun ce na baƙi ne, wani ma ya ce hoto kawai yake ɗauka, ba ya ɗauke da komai. Mai yiwuwa ne. Babu ofishin da mai walda zai je ya tambaya.

Da muka zauna cin tuwo, Saje ya ba mu labarin da ko matarsa ta ce ba ta taɓa ji ba. Ya ce yana saurayi an tura su wata ƙasa ta bakin teku da yaƙin basasa ya cinye, su ne baƙin da aka kira su kawo zaman lafiya. An tarbe su da rawa. Ba su jin harshen mutanen, ba su san wace ƙabila ce ke gaba da wace ba, duk fuskokin iri ɗaya ne a idonsu. Abin da kawai aka koya musu su lura da shi shi ne motsi: wanda ya gan su ya ci gaba da aikinsa farar hula ne, wanda ya ruga ya ɓuya ɗan tawaye ne. Wata rana suka ɓullo kan wata fadamar shinkafa, mutanen ciki suka watse suka kwanta, aka buɗe wuta. Da suka je dubawa, lauje suka tarar. Ya faɗi wannan yana gutsurar tuwo, bai canza murya ba.

"Ba mugaye muke ba," in ji shi. "Baƙi muke. Shi ma wancan na sama, ko ɗan ƙasar ga ne, daga inda yake kallo baƙo ne."

Ƙanena ya miƙe zai koma, ya ce, "Baba, saura kunyoyin gabas." Saje ya ce ya gani, a bar su, golmo ya ƙare, a turo manya a sa rana. Wani abokin ango ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi ko jarumtar yaron ce ta burge shi. Ya ce a'a, shi dai ba ya son ya sake ganin taron maza a gonarsa.

An yi biki kafin kaka. Dawar kuwa ta yi kyau, har kunyoyina masu kama da hanyar maciji, sai dai babu wanda ya girbe ta. Tana gab da nuna 'yan bindiga suka shigo ƙauyen da rana tsaka, a kan babura, a jere, ba su ɓuya wa kowa ba. Waɗanda suka tsira sun ce sun yi ta ɗaga kai, sama fes, ko tsuntsu babu. Saje ya fito da matarsa da kayan jikinsu. Yanzu yana zaune a ɗakin baya na gidan ƙanena a Zuru, surukin da ya sa ya yi masa noma shekara da shekaru shi ke ciyar da shi, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga maganar ba.

Wani lokaci yakan zo shagona ya zauna a benci. Har yanzu ana musun nan, a zo ko kada a zo, shi kuwa ba ya sa baki. Ni ma na rage. Ban koma cewa kada a taimake mu ba, wanda ya ga ƙauyen Saje ba zai faɗi haka ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin in yi murna da mai zuwa ceto, daga waje yake ko daga gida, in fara tambaya ko zai iya bambanta ni da wanda ya zo kashewa. In amsar ita ce sai na tsaya a fili na nuna masa garmata, to ban samu mai ceto ba tukuna, mutum biyu ne kawai nake tsoro maimakon ɗaya.