Ruwan Ƙirjin Ladan Nagoggo

Shekara talatin da ɗaya Nagoggo yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Babban Mutum. Da damina ya noma gero, da rani ya yi ɗinkin hula. Ya haura saba'in lokacin da numfashi ya fara yanke masa a tsakiyar kiran azahar.

A asibitin da ke kusa aka ce tarin fuka ne. Wata shida yana haɗiyar ƙwayoyi. Aka ware masa kwano da moɗa, aka hana jikoki shiga ɗakinsa. Liman ya aiko a ce masa ya huta a gida, aka ba Jafaru mai kanti lasifika. Nagoggo kuwa sai ramewa yake.

'Yarsa Murjanatu, wadda ke aure a Daura, ita ta ɗauke shi zuwa wani babban asibiti. Likita ta soka allura tsakanin haƙarƙarinsa, ruwa ya cika kwalba biyu. Aka tura ruwan Kano a duba, aka ɗebi jini har da na gwajin ƙanjamau.

Bayan sati uku likitar ta zaunar da su.

"Baba, ba tarin fuka ba ne. Sankara ce, ba ta yi ƙari ko'ina ba, a cikin ruwan nan take. Wata ƙwayar cuta ce da ta daɗe kwance a jikinka ta jawo ta, tsufa ya ba ta dama. Ƙanjamau kuma babu."

"Tarina yana kama mutane?"

"Ba ya kamawa."

Nagoggo ya dubi likitar.

"To wata shidan nan fa, 'yata?"

Likitar ta sunkuyar da kai.

Kafin su koma gida, wani ɗan garinsu da ya gan su a layin gwajin jini ya riga ya kai labarin wai ƙanjamau ke damunsa. Masu gaishe shi daga bakin zaure ma suka daina zuwa.

Ya ba Murjanatu takardar sakamakon ya ce ta kai wa liman. Liman ya juya ta, ya ga Turanci, ya miƙo mata abinta ta gefen labule.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce.

Sau huɗu aka sake zuƙe ruwan, yana dawowa. Nagoggo ya rasu ana saura kwana tara azumi. Jafaru ne ya sanar a lasifika, masallaci ya cika har waje.