Bindigar da Ta Cije a Hannun Haladu

Haladu ɗan masunta ne. A wani ƙauye da ke bayan Auyo aka haife shi, inda ruwa kan kwanta wata huɗu a fadama kafin ya janye ya bar wa manoma laka. Mahaifinsa da kakansa da taru suka ci abinci, shi ma tun bai sauke izu biyar ba ya iya tura kwalekwale shi kaɗai. Da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya yi ƙaranci, sai mahaifinsa ya ce ba zai bar wa ɗansa gadon wahala ba, ya tura shi Haɗeja karatu. Yana da shekara ashirin da uku ya shiga aikin ɗan sanda.

Mutum ne mai sanyin magana, mai manyan hannuwa da igiyar taru ta bar wa kanta. Shekara goma sha ɗaya ya yi a bakin aiki, ya kai kofur, kuma yawancin abin da ya yi a shekarun nan rabon faɗa ne: direbobin adaidaita sahu a bakin kasuwa, manomi da makiyayi a kan gonar da shanu suka shiga. Idan an ba shi ƙaramar bindiga yakan rataya ta a ƙugu da safe, ya mayar da ita da yamma. Tun da ya bar makarantar horo bai sake ɗana ta ba, bai kuma taɓa jin cewa da sauran abin da bai sani ba game da ita.

Abokin aikinsa Bakari ne, wanda kakanninsa suka zo daga bakin tafkin Cadi suka zauna a Haɗeja. Duk inda Haladu ya yi shiru, Bakari ya cike gurbin da surutu. Babur ɗaya suke hawa, kwano ɗaya suke ci, kuma Bakari ba ya kiransa da komai sai Sarkin Ruwa.

Wata rana da kaka, bayan la'asar, aka yi kira cewa wasu mutum uku sun tare 'yan kasuwar shinkafa a kan wata hanyar ƙasa da ke ratsewa daga titin Malam Madori. Su biyun ne mafi kusa. Suka isa, suka jefar da babur, suka faɗa bayan wani kwalbati. Bakari na riƙe da doguwar bindiga, Haladu da ƙarama. Haladu ya yi harbi ɗaya, sai bindigar ta cije. Ya ja kunama, shiru. Ya sake ja, ya girgiza ta, ya buga ta a cinya, babu abin da ya motsa. Bakari ya waiwayo ya ga halin da ake ciki, ya miƙe don ya koma inda zai kare su duka biyun. A nan harsashi ya same shi a ƙirji. 'Yan fashin suka hau baburansu suka shige daji. A bayan motar shinkafa aka ɗauki Bakari, kansa a kan cinyar Haladu, kuma kafin su shiga gari rai ya yi halinsa.

Washegari Haladu ya mayar da bindigar ma'ajiyar makamai. Mai kula da wurin, Sufeto Shu'ibu, dattijo ne da ya kusa ritaya. Ya karɓe ta, ya juya bakinta ga buhunan yashi, ya buga gindin gidan harsashi da tafin hannu, ya ja samanta baya. Wani kwanson harsashi da ya maƙale ya faɗo ƙasa ya gangara. Duk abin bai kai a ce bismillahi ba. Haladu ya tsaya yana kallon kwanson nan har Shu'ibu ya sunkuya ya ɗauke shi.

Babu wanda ya ɗora masa laifi. A wurin zaman makoki, mahaifiyar Bakari, Ya Mairam, ta ce masa kwana ne ya ƙare, ta sa masa albarka don ya kawo mata gawar ɗanta da hannunsa. Wannan albarka ta fi zagi yi masa nauyi, domin bai gaya mata abin da ya faru a bayan kwalbatin ba. Ya rage cin abinci. Matarsa Ummussalma takan kawo tuwo ta dawo ta tarar da shi kamar yadda ta ajiye. Ya rubuta takardar barin aiki, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya yi mako uku yana yawo da ita.

Ranar da ya yi niyyar miƙa ta, ƙafarsa ta kai shi ma'ajiyar makamai.

"Yallaɓai, tambaya nake da ita," in ji shi. "Da a ce na iya abin nan da ka yi, da Bakari yana raye?"

Shu'ibu ya ajiye tsumman da yake goge bindiga da shi.

"Wannan ba ni za ka tambaya ba, Kofur. Rai na Allah ne. Abin da na sani shi ne, hannu ba ya yin abin da ba a koya masa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Sannan Shu'ibu ya ce da ƙuruciyarsa ya shiga gasar harbi ta jami'an tsaro sau da yawa, kuma yanzu akwai wani sabon salo da ake yi da ƙaramar bindiga, wanda ba tsayuwa ake yi wuri ɗaya ana auna allo ba. Ana jera kwalaye masu siffar mutum a bayan katanga da ganguna, mai harbi ya zaro bindiga daga kube, ya nemi mafaka, ya yi harbi, ya sauya gidan harsashi, agogo na lissafa masa lokaci. A cikin kwalayen akwai waɗanda aka zana wa tafin hannu a buɗe. Waɗannan bayin Allah ne da ba ruwansu, wanda ya taɓa ɗaya an ci shi tara.

"In kana so, zan nema maka izini a sama. Amma ka sani, ba zan ba ka harsashi da wuri ba."

Haladu bai miƙa takardar ba.

Wata guda cur bai ji ƙarar harbi ba. Shu'ibu ya sa wani masassaƙin turmi ya sassaƙa masa bindigar itace, ya ce da ita zai fara. Ya sa shi haddace ƙa'idoji kamar karatun allo: kowace bindiga a ɗauke ta da harsashi a ciki ko da kai ka zazzage ta, bakinta ba ya kallon abin da ba ka yi niyyar hallakawa ba, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ido ya gama saiti, kafin ka harba ka san abin da ke bayan wanda kake nufi. Kullum bayan sallar asuba Haladu kan tsaya a bayan ɗakinsa yana fuskantar katanga, ya zaro itacen ya mayar, sau ɗari. Ummussalma ta leƙo ta ga ƙaton mutum da bindigar wasa, ba ta yi dariya ba, don ta lura ya fara cinye kokonsa.

Daga baya aka ba su izinin amfani da wani tsohon ramin da aka haƙi jar ƙasa a wajen gari, sau ɗaya a wata, harsashi goma sha biyar. Shu'ibu kan cusa harsashin banza marar albarushi a tsakiyar na gaske ba tare da ya faɗa ba, don bindigar ta cije a lokacin da Haladu bai zata ba. Karon farko da hakan ta faru, Haladu ya daskare, ya kasa ko ɗaga kai. Shu'ibu bai yi masa tsawa ba. Ya ce, "Buga. Ja. Duba." Ya yi ta maimaitawa a hankali har hannun ya bi.

Bayan wata takwas suka tafi Kano gasar farko. Masu harbi sun haura talatin, daga rundunoni daban-daban, wasu da takalma da tabarau na musamman. Haladu ya zo da takalmin aikinsa. Zagaye na farko da na biyu ya yi su a hankali kamar mai taka ƙaya, bai yi kuskure ba, amma lokacinsa ya ninka na wasu. A zagaye na uku, yana durƙushe a bayan ganga, bindigar ta cije da gaske. Hannunsa ya buga, ya ja, kwanso ya fita. Sai dai jikinsa ya juya hagu, wajen da Bakari yake a rannan, bakin bindigar kuma ya bi shi har ya ƙetare layin da aka shata don kada bakin bindiga ya kalli mutane.

"Tsaya," in ji alƙalin da ke bayansa. "Zazzage. Nuna mini babu komai. Mayar kube."

An cire shi daga gasar gaba ɗaya, haka dokar take. Ya zauna a kan benci ya kalli sauran har aka tashi. A mota, sai da suka wuce Ringim Shu'ibu ya yi magana.

"Alƙalin nan ya yi daidai. Da ni ne ma haka zan yi. Me ka waiwaya kake nema?"

"Shi," in ji Haladu.

"To, wannan ba a filin harbi za ka gyara shi ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya tafi gidan Ya Mairam. Ya tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ƙi hawa tabarma.

"Iya, akwai maganar da na ɓoye miki. Ranar nan bindigata ce ta ƙi tashi, ni kuma ban iya gyara ta ba. Don ya kare ni ya miƙe."

Ba ta daina tsintar ba sai da ta gama gefen da ta fara.

"Na sani, Haladu. Ɗaya daga cikin 'yan kasuwar ya gaya wa kawun Bakari tun ranar sadakar uku."

"Ba ki taɓa nuna mini ba."

"Me zan nuna maka? Ɗana tun yana yaro haka yake, ba ya ganin abu ya zauna. Na yi kukana, kuma ba zan ce maka ban taɓa jin zafinka a raina ba. Na ji, na kai wa Allah ƙara, ya yaye mini. Jira nake ka zo ka faɗa da bakinka, don na ga abin yana cin ka." Ta ajiye faifan. "Yaran da ke shiga aikin nan yanzu, su sun iya?"

"Ba duka ba, Iya."

"To, ka san abin da ya rage maka. Hau tabarma, ba a yi mini durƙuso a rana."

Ta sa aka kawo masa abinci, ta zauna tana kallonsa har ya cinye.

Shekarar da ta biyo baya ruwa ya yi yawa. Kogi ya ɓalle, ya shanye gonaki daga Auyo har kusa da gari, ya rushe ɗakuna biyu a gidan mahaifinsa. Haladu ya ɗauki hutu ya koma ƙauye yana kwashe mutane da buhunan hatsi a kwalekwale zuwa tudu. Wata biyu bai je ramin harbi ba. Da ranar gasa ta matso ya so ya janye, mahaifinsa ya ce ruwa ba jiransa yake ba kafin ya janye, ya tafi ya yi abin da ya sa a gaba. A kwalekwale ya fito bakin titi, kayansa a ɗaure a leda bisa kansa.

Wannan karon shi kaɗai ya je, don Shu'ibu ya yi ritaya, idanunsa kuma sun fara ba shi wahala. Haladu ya gama zagaye shida duka. Sau biyu ya rasa saiti, an ƙara masa lokaci. A zagaye na ƙarshe an jingina kwali mai buɗaɗɗen hannu a jikin wanda ake nufi, har rabinsa ya rufe shi. Da yawa sun yi sauri sun huda duka biyun. Haladu ya ɗan dakata, ya gyara ƙafa, ya yi harbi biyu, kowanne ya shiga inda ya kamata. Da aka liƙa sakamako, sunansa ne na goma sha ɗaya cikin talatin da huɗu.

Ya sami Shu'ibu a gonarsa ta bakin kogi, yana duba ɓarnar da ruwa ya yi kafin shukar alkama. Ya gaya masa sakamakon. Dattijon ya tambayi wanda ya zo na ɗaya, da tazarar da ke tsakaninsu, da yadda aka jera kwalayen zagaye na ƙarshe. Haladu ya zana masa a ƙasa da tsinke.

"Da ka fara ta dama da ka rage daƙiƙa biyu," in ji Shu'ibu. Sannan ya ce, "Madalla, Kofur. Kama mini injin ban ruwan nan mu fitar da shi daga laka."

Yanzu Haladu sajan ne. Ya shiga gasar sau huɗu, mafi kyawun abin da ya samu shi ne na bakwai, kuma ya ce a shekarunsa ba ya sa ran kofi. Da izinin manyansa, ranar Asabar ɗin farko ta kowane wata yakan tara ƙananan ma'aikata a ramin jar ƙasa, wata ran su takwas, wata ran uku. Biyu daga cikinsu sun fara bin shi Kano, ɗaya ma, wata kurtu mai suna Adila, ta wuce shi a bara. Mutanen unguwarsu da yawa ba su san yana wannan harka ba. Sun dai san shi da raba faɗa a bakin kasuwa, kuma in damina ta yi nauyi, shi ake nema ya tuƙa kwalekwale.