Malama Ikilima da Darasin Rakiyar Baƙi

Shekara ashirin da takwas Malama Ikilima tana fita daga gidanta na unguwar Safa a Jidda kafin rana ta ɗaga, jaka a kafaɗa, cikinta gorar shayi da wani tsohon littafin Turanci da ta ɗinke bangonsa da zare. Wata Baturiyar Ingila ce ta rubuta shi shekara ɗari biyu baya. Ba yaƙi a ciki, ba kisa. Ziyarce-ziyarce ne, da shan shayi, da wa ya gaida wa. Shi take koya wa 'yan matan ajin ƙarshe, kuma kowace shekara da tsaki suke tarbarsa.

Nuha ta fi kowa tsaki. Ta faɗi jarrabawar adabi sau ɗaya, saura mata dama guda. In ta sake faɗi makaranta za ta sallame ta, wahalar uwarta A'i, mai wanke-wanke a gidajen biki, ta tashi a banza.

"Ya Malama, wallah ba komai a littafin nan," in ji Nuha. "Suna zaune kawai. Halas, shi ke nan, ni na gaji."

Malama ba ta yi faɗa ba, don ita ba ta iya ba. "Rufe shi," ta ce. "Ranar Juma'a akwai suna a unguwarku. Ki je. Rubuto mini wa aka zaunar a ina, wa aka fara miƙa wa gahawa, wa aka raka har mota, wa aka bari a bakin ƙofa."

Abin da take so yarinyar ta gane shi ne salon marubuciyar. Ba ta taɓa cewa wance mai girman kai ce. Sai ta bar ta ta karɓi baƙi a gabanka, ta faɗi abin da ya faru cikin sanyin murya da ladabi, dariyar tana ciki ba ta fito ba. Wanda ya san ma'anar rakiya a wurin Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Nuha ta je, ta kuwa gani. Ran nan uwarta ma ta je, a baƙuwa, ba 'yar aiki ba, ta sa abayarta mafi kyau. Aka zaunar da ita kusa da takalma. Gahawa ta iso gare ta bayan ta huce. Da ta tashi tafiya, uwar gida ta ce mata "ma'assalama" daga zaune, alhali wata ta sha rakiya har ƙasan bene. Nuha ta rubuta shafi uku, ba zagi ko ɗaya, ba kuka. Malama ta karanta, ta cire tabarau ta goge ido. "Yanzu koma babi na farko," ta ce.

Nuha ta ci jarrabawa. Amma abin da ya fi taɓa ni ya faru ne a gida, ranar da A'i ta ce a karanta mata takardar da Nuha ta rubuta a kan taron sunan. Yarinyar ta juya mata ita da gurguwar Hausarta ta haihuwar Jidda, tana cike giɓi da Larabci. Da ta gama, A'i ta ce, "Ashe kin gani. Na ɗauka ba mai gani."

Ke ce, Malama, mai buɗe ido ba da tsawa ba. Ƙarshen watan nan za ki ajiye alli, ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, ke ma ba ki nema ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya. Malamai masu tasowa, ku yi yadda ta yi, ku koya wa yara duban mutane. Mu kuma iyaye, in baƙuwa irin A'i ta miƙe za ta tafi, mu tashi mu raka ta.